Tambayoyinku: Wane Inji Zan Ɗora Wa Tsohuwar Motata?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. A wannan fitowar saƙonnin da suka fi yawa daga masu tsofaffin ƙananan motoci suka zo, irin motocin nan da suka haura shekara 40 amma masu su basu yarda su rabu dasu ba, kuma kusan duk maganar ɗaya ce, maganar inji. Wani yanaso ya ƙara ƙarfi, wani nashi ya gaji, wani kuma bidiyo ya gani a intanet hankalinsa ya tashi. Bari in faɗi matsayata tun yanzu, ni a wajena injin da yafi dacewa da tsohuwar ƙaramar mota shine wanda ya fito daga danginta, wanda zai zauna a mazauninsa ba tare da an yanka bodi ba, kuma birki da giya da sanyaya zasu iya ɗaukarsa. Ga tambayoyin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Inada Volkswagen Beetle ƙirar 1965, injin 1200 ne a ciki kuma har yanzu batir ɗinta 6 volt ne. Motar lafiya lau take tashi amma in na ɗauki mutum uku muka zo hawa tudu sai na dawo giya biyu tana kuka, manyan motoci suna ta min hon a baya. Wani ya bani shawara in sa 1600, wani kuma yace in daina wahala in ɗora injin Subaru kawai. Wanne zanyi?

AMSA: Barka dai ɗan'uwa. Abinda kake ji a tudu ba ciwo bane, haka aka ƙera ta, injin 1200 ɗin nan cc 1192 ne kuma ƙarfin doki 34 kawai yake bayarwa, gudunsa na ƙarshe a shimfiɗaɗɗiyar hanya bai wuce kilomita 115 a awa ba. To ka ɗora masa mutum huɗu kace ya hau tudu dole ya nemi giya biyu.

Ka sa 1600, wannan shine shawarata kai tsaye. cc 1584 ne, mai ƙofar shan mai biyu a kowane tof silinda da ya fito a farkon shekarun 1970 yana bada doki 50, kaga an ƙara kusan rabin abinda kake dashi kenan, a motar da nauyinta bai kai kilo 800 ba wlh zakaji bambancin tun daga giya ɗaya. Kuma daɗin abun, injin Boswaja wuri huɗu kacal ake ɗaure shi a jikin giyabos, kuma ramukan basu canja ba daga 1200 har 1600.

Amma kar wani yace maka sauke wannan ɗora wancan ne shikenan, akwai ƙananan abubuwa da suke tsayar da aiki. Filawil ɗin injinka mai haƙora 109 ne, na 1600 mai haƙora 130 ne kuma ya ɗan fi faɗi, saboda haka bazai shiga bakin tsohon giyabos ɗinka ba sai an ɗan goge cikin bakin da garanda, a hankali, kaɗan kaɗan ana gwadawa. Kik ɗinka na 6 volt haƙoransa basu dace da sabon filawil ba, sai an sa na 12 volt da ɗan bushin ɗinsa, daga nan kuma gara ka maida motar gaba ɗaya 12 volt, ƙwayayen fitila, kwayil, motar waifa, filasha, duka. Kuloci ma ya tashi daga milimita 180 zuwa 200, sannan ka lura da kyau, giyabos na kafin 1971 yana buƙatar faifan kuloci mai zobe a tsakiya, na baya kuma mara zobe, in aka haɗa su ba daidai ba sai an sake sauke inji. Wani abun kuma, giyarka ta 1200 gajeriya ce, zata ja sosai a cikin gari amma a doguwar hanya zakaji injin yana ihu fiye da yadda yakeyi a motarsa ta asali. Ba matsala bace babba, in ta dameka daga baya sai ka nemi giyabos na 1500 ko 1600.

Inda nakeso ka tsaya ka saurareni sosai shine sanyaya. Wannan injin bashida lagireto, iska ce da baƙin mai suke riƙe da ransa, kuma baƙin man ma lita biyu da rabi ne kacal. Duk gwangwanayen nan da suke kewaye da injin, da robar da take rufe tsakanin inji da bodi, ba kwalliya bane, sune suke hana zafin ƙasa da na salansa dawowa sama fanka ta sake zuƙa. Kullum ina ganin an ɗora inji mai kyau an watsar da gwangwani biyu uku wai ba amfani, bayan wata kaɗan bawul ya ƙone. A tsofaffin injinan abun sanyaya baƙin mai yana zaune ne a hanyar iskar da take zuwa silinda ta 3, shiyasa ita ce take fara mutuwa, daga 1971 aka fitar dashi zuwa bayan gidan fanka aka kuma faɗaɗa fankar. Irin wannan gidan fankar zaka nema. Kuma tunda yana shan iska fiye da naka, murfin injinka na 1965 bashida tagogin iska, ka samu mai tagogi ko ka ɗan ɗaga saman murfin. Bawul kuma ka dinga saita shi milimita 0.15 in inji yayi sanyi.

In ka ɗanɗana 1600 kaji kanaso ƙari, akwai 1776, fistin mai milimita 90.5 maimakon 85.5, sai an faɗaɗa ramin kes da na tof silinda a wajen masu injin gyaran ƙarfe amma yana daɗewa. Shi kuwa 1641 da ake zura fistin 87 ba tare da an faɗaɗa komai ba, bana sonsa, bangon silindar ya cika siriri ga injin da iska ce ke sanyaya shi.

Maganar Subaru, gaskiya ne yana shiga, tunda shima kwance yake silinda biyu nan biyu can, kuma ana sayar da farantin da ke haɗa shi da giyar Boswaja. Amma injin Subaru EJ25 doki wajen 165 yake bayarwa, kusan ninki biyar na naka. Na ruwa ne, sai an nemi inda za'a kafa lagireto, yawanci a gaba inda safaya take, a ja bututu tun daga baya har gaba, a yanka hanci don iska, a rage tukunyar baƙin mai don kar ta dinga bugun ƙasa, a haɗa birenbos da wayarin ɗinsa. Sannan duk wannan ƙarfin da ƙarin nauyi a bayan mota suke, motar da ƙafafunta na baya irin masu lanƙwashewa ciki ne in an shiga kwana da gudu, birkinta kuma diram ne duka huɗu akan layi guda ɗaya, bututu ɗaya ya fashe ka rasa birki gaba ɗaya. Kai matsalarka tudu ce da mutum uku, 1600 ya gama maka ita. Ko dashi ɗin ma, ka fara sa mastan birki mai layi biyu da diski a gaba kafin ka taɓa inji.

TAMBAYA: Oga ni Corolla KE30 gareni mai injin 3K, ya fara shan baƙin mai. Na samu injin Corolla 2005 mai 1.8 da araha, an ciro shi daga motar da tayi haɗari, lafiyarsa ƙalau. Ai duk Toyota ne ko? Bakanike yace zai iya.

AMSA: Duk Toyota ne a suna ƙanena, amma basu haɗa komai ba. KE30 ɗinka da ƙafar baya take ja, injinta a miƙe yake daga gaba zuwa baya, giyabos a bayansa, sai farfela ta tafi aksul. Na 2005 kuwa, wanda ake kira 1ZZ, a gicciye yake zaune kuma ƙafar gaba yake ja, giyabos ɗinsa a gefe yake manne. Wannan giyar ba zata maka amfani ba, taka ta K kuma bakinta bai dace dashi ba, sai an ƙera faranti an nemo filawil da kuloci da zasu yarda da juna, in kuma aka samu kuskuren ko da rabin milimita a tsakiya zakaita cin kuloci da boris bakasan dalili ba. Mazaunin inji sai an yi sabo da walda, tukunyar baƙin mai zata iya cin karo da ƙarfen da ya gitta a ƙasa ko sandar sitiyari, bakin ruwa da a can yake gefe yanzu ya koma yana kallon bangon da ya raba inji da cikin mota.

Sai maganar mai. Kafireta ɗinka da ɗan matsi kaɗan take aiki, wajen bar 0.2 zuwa 0.3 a ma'aunin matsi, injekta kuwa wajen bar 3 take nema, ninki goma kenan. Dole famfon mai na lantarki, sabbin bututu masu jure matsi, kuma tsohon tankinka ba'a yi shi da shinge a ciki ba, in mai yayi ƙasa ka shiga kwana famfo zai zuƙi iska mota ta dinga shaƙewa. Tsohon tiyo in aka barshi a wannan matsin ranar da ya tsage fetur zai dinga feshi ne akan inji mai zafi, wannan ba abun wasa bane. Birenbos ɗin ma in mai makulli ne bazai tashi ba sai da makullinsa da zoben da ke karanta shi, to ka tambaya ko an ciro su tare da wayarin ɗin ba'a datse ba. Injin ne kawai mai araha a cikin wannan aikin, duk sauran ba araha, kuma motoci dayawa a haka suke kwana a gareji shekara da shekaru an buɗe su an kasa rufewa.

Abinda zan baka shawara, ka tsaya a gidan K. 3K ɗinka cc 1166 ne, akwai 4K mai 1290, akwai 5K mai 1486 da aka sa a ƙananan bas irin LiteAce. 5K yana ɗauruwa a giyabos ɗinka da mazauninka, yawanci abinda zaka yi shine ka maido masa tukunyar baƙin mai da bututun zuƙo mai irin na motarka, ka duba filawil. An ƙara maka cc sama da 300, kuma ƙarfinsa a ƙasa ƙasa yake zuwa, inda kake buƙatarsa in ka ɗauki kaya ko kana tashi daga tsaye. A ranar da ka buɗe bonet ba kowa ne ma zai gane an canja ba.

In kuma zuciyarka gudu takeso da gaske, hanyar da mutane suka daɗe suna bi itace 4A-GE, cc 1587 mai bawul 16, wanda ya fito a 1983, da giyar T50 irin ta Corolla AE86. Shima aiki ne babba amma aƙalla an taɓa ƙera shi a miƙe. In zaka siya ka nemi wanda ya fito daga mota mai jan baya, don na masu jan gaba bakin shan iskarsa baya yake kallo, mai bawul 20 ɗin kuma distributa ɗinsa bango take tokara. Kuma da wannan injin birki da aksul duk sai an taɓa su.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibi ne, na haɗa kuɗi na siyi Mini ta 1978 mai 998. Naga bidiyon wata da aka sa mata injin Honda VTEC tana barin manyan motoci a baya, tun ranar banyi barci mai kyau ba. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Na fahimci abinda kaji, Mini mota ce mai shiga rai. Amma ka fara da leƙa ƙarƙashinta da tocila, ka duba firem ɗin baya da dokin ƙofa da ƙasan ƙafar direba, don tsatsa itace babbar cutar Mini, kuma ba'a ɗora ƙarfi akan ruɓaɓɓen ƙarfe.

Sannan ka gane yadda Alec Issigonis ya tsara ta a 1959. Don ya samu wuri sai ya sa giyabos a ƙarƙashin inji, a cikin tukunyar baƙin mai, mai ɗaya suke sha su biyun. Shiyasa duk injin da ba na gidanta ba in zai shiga sai dai yazo da giyarsa a gefe, wurin kuma babu. Masu sa Honda B16 sabon firem ɗin gaba suke siya ko su ƙera, su yanke bangon ciki, wasu har su ƙara wa hancin motar tsayi, sai sabbin shaf, sabon wurin lagireto, wayarin daga farko. Ga doki 160 a motar da bata kai kilo 700 ba, duk a ƙafar gaba, in ka taka totur sitiyari fizgarka yakeyi. Wanda ka gani a bidiyo bai nuna maka watannin da motar tayi a kan jak ba.

Naka 998 ɗin doki wajen 40 ne. Mataki na farko mai sauƙi, ka canja salansa da manifol zuwa masu numfashi, filtar iska mai kyau, a canja allurar kafireta ta dace, a saita taimin. Wannan kaɗai zakaji shi a ƙafarka kuma kuɗin ɗalibi zai iya. Mataki na biyu shine 1275, ɗan gida ɗaya ne da naka, daga Mini ta baya ko daga Metro, na MG Metro ma doki 72 yake bayarwa. Ka tuna Mini Cooper S da ta ci gasar tseren Monte Carlo a 1965 da 1967 da 1275 ta ci, ba wani baƙon inji aka sa mata ba.

Birki kuwa, taka ta 1978 diram ne gaba da baya. Diskin Cooper S mai inci 7.5 yana shiga cikin ƙaramin rim mai inci 10, shi kuwa mai inci 8.4 da aka sa wa duk Mini daga 1984 sai ka koma rim 12. Ka riƙe lissafin nan a kanka, in gudu ya tashi daga 80 zuwa 120, aikin da birki zaiyi ya ninka sau biyu da kwata.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana Datsun 120Y, a cikinta aka dinga kaimu makaranta. Yanzu tana hayaƙi kuma bata da ƙarfi, wanda ya duba ta yace injin ya gama yayi, a jefar a sa na zamani. Ni kuma raina bai kwanta ba, ƙannena sunce duk abinda na yanke shikenan.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Ranki da bai kwanta ba yana da gaskiya. Kar ki yarda a yanke wa inji hukunci da ido da kunne kawai, akwai awo kuma baya ɗaukar awa ɗaya. A ɗumama injin, a cire fulogi duka huɗu, a ɗaura agogon awon matsi a rami ɗaya bayan ɗaya, a taka totur har ƙasa ana kik. A rubuta miki lambobin huɗu a takarda ki gani da idonki. In sun yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, cikin injin da sauransa. In ɗaya ta faɗi sai a ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a ramin a sake awo, in lambar ta tashi to ringi ne, in bata motsa ba bawul ne ko gasket, in kuma silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare yawanci gasket ne ya ƙone a tsakaninsu.

Hayaƙin ma ki lura da kalarsa da lokacinsa. Shuɗi da safe in an tada ita sannan ya ɗauke, robobin bawul ne, ƙaramin aiki. Shuɗi kullum musamman in an taka, ringi. Baƙi kuma kafireta ce take zuba mai dayawa, wannan ko buɗe inji ba sai anyi ba. Fari mai kauri da baya ƙarewa ruwa kuma yana raguwa a lagireto, ruwa ne yake shiga silinda. Rashin ƙarfi sau dayawa daga kwantak da taimin da toshewar kafireta yake, motar da ta daɗe a ajiye kusan dole ta yi haka.

Ko da ace ya gaji ɗin, injin motarki A12 inji ne da aka yi shi don a gyara. cc 1171, bulok ɗin ƙarfe, sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa ba bel ba, kuma karanshaf ɗinsa akan metal biyar yake zaune shiyasa yake jure wuya. Ana faɗaɗa silinda a sa fistin mai ƙarin milimita 0.5 ko 1, a wanke karanshaf a sa metal daidai dashi, a gyara bawul, ya dawo sabo. Sai in bulok ya tsage ne zance a nemo wani, shima A14 mai 1397 ko A15 mai 1488 za'a nema, ƙannensa ne. Kuma in hakan ta faru kar a bar tsohon a gareji, a kawo miki shi gida, a zuba masa mai a silinda a rufe ramukan a ajiye a inda ruwa bazai taɓa shi ba. Lambar da ke jikinsa itace a takardun Baba, kuma masu neman tsofaffin motoci sun fi daraja wadda take da injinta na asali nesa ba kusa ba.

In zaki ƙara mata wani abu na zamani, ki sa a cire kwantak a sa na lantarki a cikin distributa, ba'a ganinsa daga waje kuma zata dinga tashi bugu ɗaya.

TAMBAYA: Fiat 500 ce dani ta 1970, ance injin Fiat 126 yana shiga. Gaskiya ne?

AMSA: Gaskiya ne, kuma yana cikin canjin da nafi yarda dasu. Naka cc 499 ne doki 18, na 126 akwai mai 594 akwai mai 652 da yake bada 24, duk silinda biyu masu sanyin iska, ƙarin kashi ɗaya cikin uku kenan a motar da take wajen kilo 500. Kamfanin da kansa ma ya sa mai 594 ɗin a 500 ta ƙarshe kafin a daina ta a 1975. Ka ɗauko harda giyabos ɗin, don na 126 giya biyu zuwa huɗu suna shiga ba gurnani, sai dai a sa masa shaf daidai faɗin motarka, a kuma duba kik tunda naka da waya ake ja. An ci gaba da ƙera 126 a Poland har 2000 saboda haka kayansa basu yi wuya ba. Ka guji na 126 BIS kawai, shi na ruwa ne kuma a kwance yake, ba hanyarku ɗaya ba.

TAMBAYA: Malam in na canja inji sai na sanar da hukuma? Ai motata ce.

AMSA: Motarka ce amma titin na kowa ne, kuma lambar inji tana cikin takardun mota a ƙasashe dayawa. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin daga wanda ya sayar maka, don in na sata ne a hannunka za'a same shi. Sannan kaje a gyara takardu, ka kuma faɗa wa kamfanin inshora a rubuce, in ba haka ba ranar da tsautsayi ya faɗa zasu iya cewa ba motar da suka sani bace su ƙi biya. Kowace ƙasa da tsarinta. A Ingila ana sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci, kuma motar da ta kai shekara 40 da aka yafe mata gwajin shekara shekara zata iya rasa wannan sassaucin in aka mata babban canji. A Jamus sai masu gwaji irin su TÜV sun duba sun amince, lambar tsofaffin motoci mai harafin H kuma ana bada ita ne ga wadda ta kai shekara 30 kuma gyaranta ya dace da zamaninta. Ka tambayi dokar inda kake kafin ka kashe kuɗi.

TAMBAYA: To me zai hana a cire inji gaba ɗaya a maida ta mai lantarki, a huta da kafireta?

AMSA: Ana yi, kuma ga ƙaramar mota ta zagayen cikin gari yana aiki, Beetle da Fiat 500 ma sunfi sauƙi tunda injin lantarkin a bakin giyabos ake ɗaura shi inda tsohon inji yake. Wahalar a batir take. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashi wajen kilowat-awa 12, kilo ɗaya na haɗaɗɗen batir bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na haka ba, duk da motar lantarki bata asarar wuta kamar yadda inji yake asarar mai, in kanaso tafiya mai ɗan nisa sai ka loda mata kilo ɗari biyu ko fiye. A motar kilo 700 wannan nauyin mutum uku ne da basa sauka, to sai an sake lissafin sifirin da shok da birki, a kuma raba batiran gaba da baya don kar gefe ɗaya ya rinjaya. Lantarki kuma ƙarfinsa gaba ɗaya yake zuwa tun daga tsaye, tsohon shaf da kuloci basu saba da haka ba, sai an rage shi a kwantirola. Wutar da ke ciki tana kashe mutum, saboda haka aikin na wanda ya koya ne, da fis da makunnin yanke wuta da akwatin batir mai ƙarfi da aka ɗaure a jikin shasi. In ka yanke shawarar yi, ka zaɓi irin haɗin da ake ɗaurewa da noti a ramukan asali, injin da tankin kuma ka ajiye su.

Masu tambaya akan fenti da tsatsar ƙasan mota kuyi haƙuri wuri ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu. Wanda zai turo tambayar inji ya haɗo da shekarar motar, lambar inji, da lambobin awon matsi in ya samu yi.